Yaƙin Sudan: a tsagaita wuta yanzu, ko sai an ga bayan wani?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tun ranar 26 ga Oktoban 2025 da El-Fasher, babban birnin jihar Darfur ta Arewa, ta faɗa hannun dakarun RSF, rundunar da ke yaƙi da sojan Sudan, nake son in ɗauko wannan magana, ina ta jan ƙafa saboda akwai 'yan'uwanmu na Sudan a cikinmu, kuma ciwon a jikinsu yake. To amma shirun namu ya yi yawa.

Yaƙin nan ya ɓarke ne ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin goman ƙarshe na azumi, tsakanin sojojin Janar Abdel Fattah al-Burhan da dakarun RSF na Mohamed Hamdan Dagalo, wanda aka fi sani da Hemedti. Su biyun ne suka haɗa kai a Oktoban 2021 suka kifar da gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok. Da aka zo batun yadda za a shigar da RSF cikin rundunar soja, da kuma wanda zai zama gaba da wani, sai suka juya wa juna bindiga a tsakiyar Khartoum, garin da miliyoyin mutane ke kwana. A ƙarshen 2025 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce wajen mutum miliyan 12 sun bar gidajensu, kuma kusan rabin al'ummar ƙasar na fama da yunwa. El-Fasher ta shafe kimanin wata 18 a killace. Mutanen ciki sai da suka koma cin ambaz, wato dusar gyaɗar da ake ba dabbobi bayan an matse mai, har ita ma ta yi tsada. Da garin ya faɗi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an kashe sama da mutum 460 a asibitin haihuwa na Saudiyya da ke can.

Ra'ayina shi ne a tsagaita wuta yau, ba tare da jiran wani ya yi nasara ba. A buɗe hanya abinci ya shiga, sauran zance a yi shi a kan tebur. Na san akwai waɗanda wannan magana za ta yi wa zafi, ina kuma son in ji daga bakinsu.

Ɗan Zongon Kumasi:
Wa alaikumus salam Baba. Ku yi mini afuwa, ni ƙaramin ɗalibi ne a wannan fage. A nan wajenmu wasu na cewa faɗan addini ne, wasu na cewa Larabawa ne ke kashe baƙaƙe. Wanne ne gaskiya?

Baban Sadiƙ:
Ɗana, addini dai babu shi a ciki, duka ɓangarorin Musulmi ne, da salati suke harbin juna. Asalinsa rikicin mulki ne da dukiya, musamman zinare. Amma a Darfur ya ɗauki launin ƙabilanci ƙarara. A El-Geneina, babban birnin jihar Darfur ta Yamma, cikin 2023, an bi 'yan ƙabilar Masalit gida-gida, an kashe gwamnan jihar, Khamis Abakar, a watan Yuni, sa'o'i kaɗan bayan ya fito ya yi magana a talabijin. Ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa tsakanin mutum 10,000 zuwa 15,000 ne suka mutu a garin nan kaɗai.

Abu Mus'ab na Damazin:
Baban Sadiƙ, ina girmama ka, na kuma san don Allah kake magana. Amma ka ba ni dama in ce wanda yake Kano yana iya faɗin "a zauna a kan tebur" cikin sauƙi. Da wa za a zauna? Ka lissafa El-Geneina da bakinka. Ƙara Wad al-Noura a Jazira, inda aka kashe ƙauyawa sama da 100 a yini guda a Yunin 2024. Ƙara sansanin Zamzam da aka afka wa a Afrilun 2025, wurin da aka riga aka ayyana yunwa tun Agustan 2024, mutanen da ko tsayuwa da ƙyar suke yi. Amurka da kanta, a Janairun 2025, ta ce abin da RSF ta aikata kisan ƙare dangi ne.

An zauna a kan teburin ai. A Jidda, ranar 11 ga Mayun 2023, an sa hannu cewa za a kare farar hula, a fice daga asibitoci da wuraren jama'a. Wa ya fice? Gidajen mutane a Khartoum da Bahri sun zama barikoki, an kwashe motoci, an kwashe gwala-gwalan mata, har wayoyin lantarki an ciro daga bango. Mutane ba su fara komawa gida ba sai da soja ya karɓe Wad Madani a Janairun 2025, ya karɓe fadar shugaban ƙasa a Maris. Yarjejeniya ba ta mayar da kowa ɗakinsa ba.

Mu Hausawan Blue Nile mun san abin da rashin hukuma ke jawowa tun kafin wannan yaƙi. A Yulin 2022 an kashe mana mutane a Roseires da kewaye kan rikicin ƙasa da sarauta, a Oktoban shekarar aka sake a Wad al-Mahi, ana ce mana baƙi a ƙasar da aka binne kakanninmu. Duk lalacewar gwamnati, tana da ofishin da za ka je ka yi kuka, tana da kotu ko da ta rame. Mai bindiga a bakin hanya ba shi da ofishi. Idan aka tsaya yau, an bar wa mutanen nan Darfur ke nan, su da gwamnatin da suka ce sun kafa a Nyala. Ƙasar ta sake rabewa, kuma duk wanda ya tara samari da motocin yaƙi gobe ya san hanyar samun kujera. Ni ina son zaman lafiya fiye da kai, domin 'ya'yana ne ba sa barci. Amma wanda za a yi yau a rushe baɗi, ba na so.

Ummu Rayyan:
Salamu alaikum. Ban cika rubutu a nan ba, karatu kawai nake yi, amma yau zan yi magana. Ku yi haƙuri da Hausata, ta gauraya da Larabci.

Ni haifaffiyar Wad Madani ce. Mahaifinmu agashe yake sayarwa, kakanmu kuma ƙodago ya yi a gonakin audugar Jazira. Farkon yaƙi mu ne masu masauki. Mutanen Khartoum suka cika garinmu, makarantu suka cika, gidanmu kaɗai iyali uku muka ɗauka, ana dafa tukunya ɗaya. Muna tausaya musu, ba mu san layi muke bi ba. A Disambar 2023 yaƙi ya iso mu. Muka fita da abin da ke jikinmu zuwa Sinja, wajen dangin mijina. Muna cewa mun tsira, sai ga shi a tsakiyar 2024 Sinja ma ta faɗi, kuma damina ta kankama. Muka bi ta Dinder zuwa Gadarif, yawanci a ƙafa, cikin taɓo, mota ba ta iya wucewa.

Mahaifiyata tana da ciwon suga. Allurar insulin tana son sanyi, a daji ina sanyi? Wadda muka ɗauko ta lalace, babu inda za a sayi wata. Ƙannena maza suna goya ta bi da bi. A wani ƙauye da ban taɓa jin sunansa ba ta rasu, mutanen ƙauyen ne suka ba mu likkafani, Allah ya saka musu. Harsashi bai taɓa ta ba, don haka ba na jin tana cikin lissafin kowa. Irinta sun fi waɗanda aka harbe yawa: masu wankin ƙoda, masu naƙuda, yaran da kwalara ta ɗauke. A hanyar kuma wasu masu bindiga suka tare mu, suka karɓe wayoyi da ɗan kuɗin da ya rage, suka ware ƙaramin ƙanena suka ce zai taimaka musu da kaya. Har yau ba mu ji ɗuriyarsa ba.

Yaya Abu Mus'ab, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, ban ƙaryata ka a harafi ɗaya ba. Ni ma ban yafe ba. Amma ina tambayarka, wannan nasara da ake jira, yaushe za ta zo? An ce mana mako biyu, aka ce bayan damina, aka ce bayan an karɓe Khartoum. An karɓe Khartoum, sai wutar ta koma Kordofan da Darfur. 'Yata tana aji uku lokacin da aka rufe makaranta, yanzu ta kai munzalin da ya kamata ta shiga ta gaba, ga shi karatun Larabcin ma yana kuɓuce mata. Kullum aka ce a ƙara haƙuri, da jikin irinmu ake biyan haƙurin. Masu cewa "bal bas" a Facebook, wato soja ya ci gaba da yaƙi sai an murƙushe RSF, da yawansu iyalansu na Alƙahira ko Dubai. Ni idan aka ce gobe an daina harbi, zan iya fita neman ƙanena. Muddin ana harbi, ko tambaya ba ni da ikon zuwa yi.

Hajiya 'Yar Yerwa:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Mama, ya sa aljanna ce makomarta, ya bayyana miki ƙanenki cikin aminci. Mu a Maiduguri mun ga irin wannan, iyayen da suka shekara goma suna bin sansani-sansani da hoton ɗa a hannu. Wanda ya rasu an yi masa sallah an yi zaman makoki. Wanda ya ɓata, uwa ba ta iya cin abinci ba tare da ta tuna ko ya ci ba. Kada ki bari a hana ki kuka, kuma kada ki daina nema.

Malam na Sakkwato:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ga matasanmu da ke mamakin yadda aka yi Bahaushiya ta zama haifaffiyar Wad Madani, su sani zumuncin nan tsoho ne. Ƙarnuka da dama alhazanmu ta Sudan suke bi a ƙafa zuwa Makka, su yi shekaru a hanya, wasu su yi noma su tara guzuri, wasu su zauna ke nan. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, aka kashe shi a Burmi a shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har gaɓar kogin Blue Nile, kusa da Sennar, garin da suka kafa har yau sunansa yake ɗauke da shi. Wato waɗanda suka guje wa yaƙi a nan, Sudan ce ta ba su ƙasa. Jikokinsu ne yau suke gudu, ba su da gabas ɗin da za su nufa. Akwai bashi a kanmu.

Game da muhawarar, Allah ya yi mana bayani a Suratul Hujurat, aya ta 9, cewa idan ƙungiya biyu ta muminai suka yi faɗa, a yi sulhu a tsakaninsu. Umarnin ga sauran Musulmi yake, wato mu. Ina malamanmu, ina sarakunanmu, ina ƙasashen Musulmi masu kuɗi? Da yawan masallatanmu ko alƙunutu ba a yi wa Sudan ba.

Abu Mus'ab na Damazin:
Allah ya gafarta Malam, a ƙarasa ayar. Ta ci gaba da cewa idan ɗaya ta yi zalunci a kan ɗaya, a yaƙi mai zaluncin har ta dawo ga umarnin Allah. A nan nake tsaye.

Ummu Rayyan, ƙanwata, na karanta saƙonki na kasa ci gaba da abin da nake yi. Allah ya gafarta wa mahaifiyarmu. Ni iyalina suna nan Damazin tare da ni, ban kai kowa waje ba. Amma waɗanda suka ɗauke ƙanenki, kina ganin takarda ce za ta sa su sake shi?

Malam na Sakkwato:
Haka ne Malam Abu Mus'ab, kuma ƙarshenta ya ce idan ta dawo a yi sulhu da adalci. Sulhu ne a farkonta, sulhu ne a ƙarshenta. Yaƙin da ke tsakiya kuma yana da iyaka: ba a kashe mace, ba a kashe yaro, ba a ƙona amfanin gona, ba a hana mai jin yunwa abinci. Ka duba da idon adalci ka gaya mini ɓangaren da ya kiyaye waɗannan.

Barista Abu Hafsa:
Tambayar Malam ita ce inda maganar Abu Mus'ab ke da rauni. Laifin RSF ya fi girma, ya fi muni, ban yi musu ba. Amma jiragen soja sun jefa bama-bamai a kasuwanni, misali kasuwar Kabkabiya a Disambar 2024, ranar cin kasuwa. Bayan an karɓe Wad Madani, an samu rahotannin kashe mazauna kanabi, wato unguwannin 'yan ƙodagon Jazira, bisa zargin sun haɗa kai da abokan gaba. Amurkar da ka kafa hujja da ita, kwanaki kaɗan bayan ta sa wa Hemedti takunkumi ta sa wa Burhan nasa. An kuma zargi duka ɓangarorin da toshe hanyar kayan agaji.

Sannan wa ya haifi RSF? Gwamnatin Omar al-Bashir ce ta ba mayaƙan sa-kai na Janjawid makamai a Darfur tun 2003, ta mayar da su runduna mai suna a 2013. Lokacin da aka tarwatsa masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja ranar 3 ga Yunin 2019, aka jefa gawarwaki a kogin Nilu, ƙofar hedikwatar a rufe take. Yau ma soja yana raba makamai ga wasu ƙungiyoyin sa-kai don su taya shi. Idan an ga bayan RSF ta wannan hanya, wa zai karɓe bindigogin da aka raba?

Sudan ta taɓa gwada "sai mun yi nasara". Yaƙin Kudu ya ɗauki shekara 22, daga 1983 zuwa 2005, ya ci rayuka wajen miliyan 2, a ƙarshe dai a Kenya aka zauna aka sa hannu, kuma a 2011 Kudun ta ɓalle. Teburin da aka ƙi tun farko shi aka koma wa.

Inda na yarda da Abu Mus'ab shi ne kada a sayi shiru da afuwa. Sai a Oktoban 2025 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta samu Ali Kushayb da laifi kan abin da aka yi a Darfur a 2003 da 2004. Mutum ɗaya, bayan shekara 20. Wannan sakaci ne ya koya wa na baya cewa babu abin da zai faru. Amma mai shari'a yana buƙatar shaidu da rai. A tsayar da kisa, a tattara hujja, kujerar mulki kuma kada a ba ko ɗaya daga cikin janar-janar ɗin.

'Yar Zazzau:
Ni ina cikin ɗaliban da aka kwaso a 2023, likitanci nake karantawa a Khartoum. Ranar Asabar ɗin nan mun tashi da niyyar zuwa kasuwa sayen kayan Sallah. Maimakon haka muka kwana a ƙarƙashin gado, ruwa ya ɗauke, wuta ta ɗauke, muna buɗa baki da abin da ya rage a ɗaki. Motocin da suka kwashe mu sun nufi iyakar Masar, aka yi kwanaki a sahara ana jiran izinin shiga, jiragen farko suka sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. An kwaso 'yan Najeriya sama da 2,000. A lokacin mun yi ta kuka kan wahalar hanya, kuma wahala ce ta gaske.

Abin da ke damuna har yau shi ne waɗanda suka tsaya suna ɗaga mana hannu. Akwai wata mai shayi a bakin ƙofar makarantarmu, ita ce ta koya mini Larabcin kasuwa, idan kuɗina ya yanke ta ce in sha in biya daga baya. Ranar da za mu tafi ta zo ta ba mu dabino. Mu muna da koren fasfo da jirgin da zai zo. Ita ƙasarta ce ke ci da wuta, babu wanda zai aiko mata mota. Lambarta ta daina shiga tun lokacin da aka katse sadarwa a Fabrairun 2024.

Ban san siyasa kamar Barista ba. Amma na san abin da ake nufi idan aka ce mafi yawan asibitocin wuraren da ake faɗa sun daina aiki. Mace mai naƙuda da jini ya ɓalle mata tana da mintoci ne kawai. Ni ina tare da Anti Ummu Rayyan.

Ɗan Abeche:
Salam. Ni direba ne, ina ɗaukar kayan agaji tsakanin Abeche da Adre a gabashin Chadi. Adre ƙaramin gari ne a bakin iyaka, daga nan zuwa El-Geneina tafiyar ƙasa da awa guda ce a mota. Yanzu baƙin da ke ciki sun ninka 'yan gari sau da yawa. Chadi ta karɓi sama da mutum 800,000 tun fara wannan yaƙi, ban da waɗanda ke sansanoni tun rikicin 2003, waɗanda aka haifa a tanti har sun yi aure a tanti.

Idan ka shiga sansanin, abin da za ka fara lura da shi shi ne ƙarancin maza. Mata ne da yara. Ka tambayi ina mazan, sai a yi shiru, ko a nuna maka gabas da gari, hanyar da aka biyo. Rumfunan na kara ne da tsofaffin zannuwa, iska ta taso ta kwashe. Layin ruwa tun kafin asuba. Matan na zuwa yin bulo ko wanki a cikin gari don abin da bai kai kuɗin kwanon dawa ba. Akwai abubuwan da aka yi wa 'yan mata a hanya waɗanda ba zan rubuta a zauren da iyayena ke ciki ba. Waɗanda suka tsira daga El-Fasher kuma yawancinsu Tawila suka nufa, kimanin kilomita 60 a ƙafa, kuma adadin da ya isa bai kai na waɗanda ake tsammani ba. Tambayar da ma'aikatan agaji ke yi ke nan, ina sauran?

Malam Abu Mus'ab, ban taɓa jin wata uwa a Adre ta ce ta yafe ba. Suna son hukunci, suna faɗin haka da ƙarfi. Amma idan mota ta tsaya, tambayar farko da suke yi mini ita ce ko hanya ta buɗe, ko akwai labarin waɗanda aka baro.

Wani abu kuma, mu direbobi muna ganin hanya. Harsashi da man fetur da jirage marasa matuƙa ba a Darfur ake ƙera su ba. Ana zargin Hadaddiyar Daular Larabawa da ba RSF makamai, ita tana musantawa. Sudan ta kai ta ƙara Kotun Duniya a 2025, kotun ta ce ba ta da hurumi. Soja ma yana da masu ba shi nasa. Zinare na fita, makami na shigowa, buhun dawa ne kaɗai ake tsayarwa a shinge ana neman takarda.

Baban Sadiƙ:
Wannan shi ya sa tayin da Amurka da Saudiyya da Masar da Daular Larabawa suka gabatar a Satumbar 2025, na tsagaita wuta wata uku don agaji, ya kamata a riƙe shi ko da ba a yarda da masu tayin ba. Wata uku na abinci da magani rayuka ne masu yawa. Abu Mus'ab, ko wannan ma ba ka amince ba?

Abu Mus'ab na Damazin:
Baba, RSF ta ce ta amince da shi ne bayan ta gama da El-Fasher. Wata 18 ana roƙonta ta bar abinci ya shiga ta ƙi. Wannan amincewa ba ta ba ni natsuwa, kuma cikin masu tayin akwai wanda muke zargi da hura wutar. Barista ya faɗi laifin soja, ban kare shi ba, wanda ya jefa bam a kasuwa shi ma ya tsaya gaban alƙali. Idan tsagaitawar ta agaji ce zalla, da masu sa ido na gaske, a buɗe hanyoyi, a saki waɗanda ake tsare da su, a bar mutane su nemi 'yan'uwansu, ba zan tsaya a gabanta ba. Ba zan iya kallon Ummu Rayyan in ce mata ta ƙara jira ba. Amma ranar da aka ce za a raba mulki da waɗanda suka yi El-Geneina, ni ba na ciki, kuma zan faɗa ko'ina.

Ummu Rayyan:
Yaya, ni ma ba na ciki. Ban nemi a ba kowa kujera ba. A Gadarif abin da ya riƙe mu shi ne takaya, girkin unguwa da samari da 'yan mata ke yi kyauta, da kuɗin da 'yan'uwa ke turowa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya. Wake ne ko adas, sau ɗaya a yini. Yaran nan na ɗakunan agajin gaggawa, wato 'yan sa-kan unguwa masu girkin takaya, ba su da bindiga, kuma kowane ɓangare yana kama su yana zarginsu. Farkon 2025 da Amurka ta yanke tallafi, takaya da yawa suka rufe. Idan za a zauna a kan tebur, irinsu nake so a kira, da mata irin waɗanda Ɗan Abeche ya gani.

Ɗan Zongon Kumasi:
Na fahimta yanzu, Allah ya saka. To mu da ke nesa me za mu yi? Matasan masallacinmu za su iya tara wani abu ranar Juma'a.

Ɗan Abeche:
Ku tara, amma kada ku tura wa duk wanda ya sa hoto a intanet ya ce shi ɗan agaji ne, mayaudara sun shiga harkar. Ku bi ta ƙungiyar agaji da aka sani, ko ta mutumin da wani a cikinku ya san shi ido da ido kuma zai nuna muku tukunyar da aka dafa. Kuɗi ya fi tufafi amfani, domin kai kaya yana cin abin da ya fi kayan. Ku kuma roƙi limaminku ya yi bayanin Sudan a huɗuba, mutane da yawa ba su san ana yi ba.

Hajiya Ummu Rayyan, ƙungiyar Red Cross da ta Red Crescent suna da sashen neman waɗanda suka ɓata, suna aiki a Sudan da nan Chadi. Ki je ofishin Hilal Ahmar, wato Red Crescent, mafi kusa da ke, ki ba da cikakken sunansa da na mahaifi da na kaka, da shekarunsa, da wurin da aka rabu, da hoto idan akwai. Kada ki sa bayanansa a nan zaure. Ki turo mini ta saƙon sirri, jibi ina da lodi zuwa Adre, zan kai wa masu rajista a can su ma su duba.